Jikin matuƙin jirgin sama ba ya gaya masa gaskiya a cikin hazo

Na sha jin mutane a nan Jos suna cewa ai gogaggen matuƙin jirgi ko idonsa a rufe yana sanin jirgin ya karkata ko yana daidai, wai jikinsa ne ke gaya masa. Ba laifinsu ba ne, a ƙasa haka jiki yake mana aiki. Amma a sama lamarin daban ne. Akwai wani ruwa can cikin kunne da ke sanar da mu juyi, to idan jirgi ya karkata a hankali ko ya daɗe yana kwana sai ruwan ya lafa, matuƙi ya ji kamar a miƙe yake alhali gangarawa yake yi. A 1954 an gwada matuƙa 20 a Amurka da ba su koyi tuƙi da na'urorin da ke nuna yadda jirgi yake a sama ba, aka toshe musu ganin waje, dukkansu jirgin ya ƙwace musu, a matsakaici cikin sakan 178. Shi ya sa ake horar da su su yarda da na'ura idan gajimare ko hazon hunturu ya rufe gari.

Ka gwada da kujerar ofis mai juyawa, rufe ido wani ya yi ta juya ka sannan ya tsayar, za ka ji kamar kana juyawa ta ɗaya gefen. Don Allah a tura wa 'yan uwa.