Duba-gari ba rusau ba ne

Tun da damina ta kankama katangu suka fara zubewa a unguwannin Zariya, da wuya ka kunna rediyo da safe ba ka ji wani ya ce "a dawo da duba-gari" ba. Wani mai kiran waya cewa ya yi su zo da katafila su baje gidajen da suka tare hanyar ruwa. Ɗan siyasa kuwa in ya ambaci kalmar, sharar ƙarshen wata yake nufi, irin wadda aka saba tun zamanin Buhari da Idiyagbon. Duka biyun sun kauce, amma na farkon ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Mai ba da izinin gini a jihar Kaduna, mai shafa jan fenti a bangon da aka ɗora ba bisa ƙa'ida ba, hukumar KASUPDA ce. Duba-gari ba ruwansa da takardar fili. Shi ma'aikacin lafiya ne, kuma gidan da aka riga aka gina, ake kwana ake tashi a ciki, shi ne hurumin aikinsa. Makarantar koyon tsafta ta Kano tun 1932 take horar da irinsu, yanzu kuma jami'an lafiyar muhalli ake kiransu a takarda, suna da majalisar rajistarsu da dokar 2002 ta kafa.

A tsaya kan kalmar kanta. Bahaushe yana da kallo, yana da leƙe, yana da hange, amma duk ya bar su ya ɗauki duba. Kallo na ɗan kallo ne, a tashi ya watse. Leƙe na mai tsegumi ne ta saman katanga. Duba kuwa ita muke yi wa mara lafiya: "Zan je asibitin Shika in duba Baba." Ba wanda ke zuwa dubiya da gatari, kuma ba a duba mara lafiya sau ɗaya a ce an gama, sai an koma an ga yadda ya kwana. Yarabawa "wole-wole" suka ce masa, wato shiga-gida-shiga-gida, sun kama shi ta ƙafarsa. Mu ta idonsa muka kama shi, ni kuma a ganina mun fi su dacewa da suna.

Dattawan cikin birni har yau suna ba da labarinsa: kaki a jiki, ya sa a buɗe masa randa ya duba ko akwai tsutsar sauro, ya leƙa masai, ya bi kwata ya ga inda ruwan wanka yake kwanciya. In ya ga aibu, takardar gargaɗi yake bayarwa da wa'adi. Wa'adi ya cika ya dawo. Sai wanda ya yi kunnen ƙashi ake kaiwa gaban alƙali.

Na yi shekara biyu a wani gidan haya a Samaru, ɗaki goma sha biyu, masai ɗaya. Tsakanin masan da rijiyar da muke sha, taku takwas na ƙirga da ƙafata, alhali masana lafiya mita 30 suke so a bari. Indararon ɗakin ƙarshe ya karye, ruwa na bin bango har ya yi kore, ka danna yatsa ya nutse. Mai gidan ba ma ganinsa sai lokacin karɓar kuɗi. Gidan nan yana da takardunsa cif, don haka katafila ba ta da abin yi a wurin. Abin da muka rasa shi ne mai ikon cewa "gyara indararon nan kafin mako biyu, zan dawo."

Gidan ƙasa ma, irin na Kwarbai da Ƙofar Doka, ba haka kawai yake faɗuwa ba. Yaɓe ake fasa yi shekara da shekaru, gara ta cinye azara, tsaga ta buɗe tun rani. Duk Bazazzagi ya san yadda wani sashe na babban masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ranar 11 ga Agusta 2023 ana sallar La'asar, kuma Mai Martaba Sarki da kansa ya ce an ga tsagewar bango kafin ranar. Gidaje nawa ne a Tudun Wada da Muciya ke ɗauke da irin wannan tsagar yanzu haka, yara na barci a gindinta?

Illar kiran rusau da sunan duba-gari ita ce, ranar da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari suka turo na gaskiya, mutane za su rufe ƙofa, su ɓoye masa tsagar da ya kamata ya fara gani. Ga kuma "ba shiga" a ƙofar zaurukanmu, wanda dole a mutunta. In da gaske ake, a fara da ɗaukar mata aikin, su ne za su iya wuce zaure su isa tsakar gida, inda rijiyar da masan suke.