Injin jirgin ruwa a ƙasar ƙanƙara: me sabon mai jirgi zai yi kafin hunturu?

A wurare irin su Ontariyo ta Kanada da Minesota ta Amurka, tafkuna kan daskare wata da watanni. Wajen Oktoba ake fitar da ƙananan jirage a ajiye, kuma a nan ne wanda ya sayi jirginsa na farko yake yawan tafka asara.

Injin da ke ajiye ba a tayar da shi, me zai same shi?

Ruwan da ya rage a cikinsa. Yawancin injinan nan da ruwan tafkin suke sanyaya kansu. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0, ruwan ya daskare ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ƙarfe kuwa ba ya miƙewa, sai ya tsage. Dare ɗaya mai tsananin sanyi ya isa, kuma ba a ganin ɓarnar sai bazara.

To yaya ake fitar da ruwan?

Injin da ake rataya a bayan jirgi, irin Yamahar da masunta ke amfani da ita a Kainji da Tafkin Chadi, da kansa yake tsiyayewa, in dai an bar shi a tsaye. Kada a ajiye shi a ɗage. Wanda ke cikin jirgi shi ne mai wuya: a kwance ƙusoshin magudanar, a zura waya a ramin don tsatsa kan toshe shi, sannan a ɗura ruwan hana daskarewa na jirage, mai launin hoda. Na lagireton mota guba ne, kuma a tafki zai ƙare. A ganina, shekarar farko gara a biya makanike, mai jirgin ya tsaya kusa yana kallo.

Canza baƙin mai fa, ba sai bazara ba?

A'a, yanzu. Tsohon mai yana ɗauke da damshi da sinadarai masu cin ƙarfe, bai dace ya kwana wata biyar a ciki ba. Man giya na ƙafar injin ma a juye shi a duba da kyau. Idan ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga. A cire farfela a leƙa bayanta: sau da yawa zaren kamun kifi ne ya naɗe ya yanke robar da ke tare ruwa.

Fetur ɗin da ke tanki?

Fetur ɗin can yawanci yana da kashi 10 na sinadarin etanol, mai jan damshi. Tun kafin a fitar da ruwan injin, a zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, a tayar da injin kamar minti 10 don ya zagaya ko'ina. Amma kada a kuskura a tayar da shi a tudu ba a jona masa tiyo ba, domin 'yar farfelar roba ta famfon ruwa nan take take ƙonewa. Daga nan a cire filogi a fesa man hana tsatsa a silinda, bisa yadda littafin injin ya nuna.

Batir fa?

A cire shi, a cika shi da caji, a ajiye a wuri busasshe, a riƙa ƙara masa lokaci-lokaci. Wanda cajinsa ya ƙare shi ne ke saurin daskarewa har ya fashe.