Taƙaddamar Rangadin Kurket na Afirka ta Kudu a New Zealand, 2024

Taƙaddamar rangadin 2024 muhawara ce da ta kaure tsakanin magoya bayan wasan kurket, tsofaffin 'yan wasa da hukumomi, bayan hukumar kurket ta Afirka ta Kudu, CSA, ta tura sababbin 'yan wasa zuwa New Zealand su buga wasanni biyu na Test a watan Fabrairun 2024, ta bar gwanayenta a gida suna buga gasar SA20, gasarta ta gajeren wasa ta cikin gida. Lamarin ya zama misalin da ake yawan kawowa idan ana maganar yadda jadawalin wasanni da kuɗin gasannin kamfanoni suke yanke wa ƙasa hukuncin wanda zai sa rigarta.

Asalin matsalar

Test shi ne nau'in kurket mafi daɗewa tsakanin ƙasashe. An fara shi a Melbourne a 1877 tsakanin Ostireliya da Ingila, Afirka ta Kudu kuma ta shiga a 1889. Ana iya kwana biyar ana wasa ɗaya, kowane ɓangare yana da zagayen bugu biyu. Tawagogi 12 ne kawai hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ba izinin buga shi a ɓangaren maza, biyu daga cikinsu a Afirka, wato Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Najeriya tana cikin ICC amma a rukunin da ba ya buga Test. A ɗaya gefen akwai T20, gajeren wasa da ake gamawa cikin sa'o'i uku ko huɗu da yamma, wanda gidajen talabijin da masu talla suka fi so.

CSA ta daɗe tana neman gasar T20 tata da za ta riƙa kawo mata kuɗi. Yunƙurin farko ya rushe a 2017 tun kafin a jefa ƙwallo ko ɗaya, gasar Mzansi da ta biyo baya kuma sau biyu kawai aka yi ta, a 2018 da 2019. SA20 ita ce yunƙuri na uku. An fara ta a Janairun 2023 da ƙungiyoyi shida, dukansu mallakar masu ƙungiyoyin gasar IPL ta Indiya, tsohon kyaftin Graeme Smith ne shugabanta. Domin masu zuba jari su saki jiki, an amince cewa manyan 'yan wasan ƙasar za su kasance a gasar duk tsawon lokacinta. Alamar abin da zai biyo baya ta bayyana tun kakar farko, lokacin da CSA ta janye daga wasannin yini ɗaya uku da za ta buga a Ostireliya, ta yarda ta yi asarar makin neman shiga gasar cin kofin duniya, don kada SA20 ta fara ba taurari.

A kaka ta biyu an tsara SA20 daga 10 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairun 2024. Wasan Test na farko a New Zealand kuwa an sa shi ranar 4 ga Fabrairu. CSA ta ce an tsayar da ranakun rangadin tun 2022, kafin a san lokacin da SA20 za ta riƙa gudana, kuma ta nemi a sauya su amma ba a sami wani gurbi da ya dace da ɓangarorin biyu ba.

Tawagar da aka zaɓa

A ƙarshen Disamban 2023 aka bayyana sunaye 14. Bakwai daga cikinsu ba su taɓa buga Test ba, har da wanda aka naɗa kyaftin, Neil Brand. Babu Kagiso Rabada, babu Aiden Markram, babu Marco Jansen ko Keshav Maharaj. Abin da ya ƙara wa mutane zafi shi ne lokacin sanarwar: kwana kaɗan ke nan da cikakkiyar tawagar ƙasar ta lallasa Indiya a Centurion, inda Dean Elgar ya yi gudu 185, wato makin da mai bugu yake tarawa. Kowa ya ga abin da ƙasar take iyawa, sai ga shi an ce yawancin waɗannan mutane ba za su yi tafiyar ba.

Ya kamata a lura cewa a nan ba kuskuren masu zaɓe ake magana ba. A muhawarar da aka saba, magoya baya suna jayayya ne kan ko wane ya fi wane. A wannan karon koci Shukri Conrad bai ajiye kowa don ya gaza ba. An miƙa masa jerin waɗanda ba su da kwantiragin SA20, ya tsinci na tsinta. Kwantiragi ne ya zaɓi tawagar.

Abin da ya faru a fili

A wasan farko, a Mount Maunganui, 'yan wasa shida na Afirka ta Kudu ne suka fara Test a rana ɗaya. Tshepo Moreki ya fitar da Devon Conway na New Zealand, wato ya kawo ƙarshen bugunsa, da ƙwallonsa ta farko, Brand kuma ya fitar da mutum shida a zagayen farko, amma hakan bai hana New Zealand tara gudu 511 ba. Rachin Ravindra ya yi 240, Kane Williamson ya haura ɗari a zagaye biyun, masu masauki suka yi nasara da ratar gudu 281.

Wasa na biyu a Hamilton ya fi armashi. Dane Piedt, wanda ya daɗe rabonsa da tawagar ƙasa, ya fitar da mutum biyar, baƙin suka shiga gaba a zagayen farko, David Bedingham kuma ya yi gudu 110. Williamson ne ya sake tsayawa, ya yi 133 ba a fitar da shi ba, New Zealand ta kai 267 da take nema. Wannan ne karo na farko da ta ci jerin wasannin Test a kan Afirka ta Kudu tun fara karawarsu a 1932, kuma ita ta fara ɗaukar garkuwar Tangiwai, wadda aka sa wa sunan hatsarin jirgin ƙasa na 1953 da ya kashe mutum 151 a New Zealand ana tsakiyar rangadin tawagar ƙasar a Afirka ta Kudu. Abin takaici ne cewa nasarar da aka shekara casa'in da biyu ana jira ta zo a yanayin da har wasu magoya bayan New Zealand suka ji ta ragu a idonsu.

Bakin masu muhawara

Muryar da ta fi amo ita ce ta Steve Waugh, tsohon kyaftin ɗin Ostireliya, wanda ya tambaya a shafinsa na Instagram ko wannan ne mafarin mutuwar Test, ya kuma nemi ICC da manyan hukumomi su tsayar da kuɗin wasa mai tsoka ga kowane ɗan wasan Test. Masu ra'ayinsa sun ce an raina New Zealand, an raina masu sayen tikiti, an kuma arahantar da hular ƙasa, alamar buga wa ƙasa wasa, da mutane suke shekaru suna nema.

Martanin da ya fito daga Afirka ta Kudu ya fi nauyi, a ganin masu nazari da yawa. Sun ce mai ƙoshi ne yake yi wa mai yunwa wa'azin haƙuri. A jadawalin 2023 zuwa 2027 Ingila tana da wasannin Test 43, Ostireliya 40, Indiya 38, Afirka ta Kudu kuwa 28. Ƙasashen nan uku suna buga wasa biyar-biyar a tsakaninsu, sauran kuma yawanci bibbiyu suke samu. A rabon kuɗin ICC na 2024 zuwa 2027 hukumar Indiya kaɗai tana karɓar kashi 38.5 cikin ɗari. Sannan a tsarin da aka saba, mai masauki ne yake cin kuɗin talabijin, ita baƙuwar tawaga ta biya kuɗin tafiyarta, don haka rangadin New Zealand kashe kuɗi ne ga CSA, alhali SA20 ta kawo riba tun kakarta ta farko. Da wannan ribar ake biyan 'yan wasan larduna, waɗanda daga cikinsu ake samun 'yan Test na gobe.

Akwai kuma waɗanda suka kawo misalin West Indies, tawagar haɗin gwiwa ta ƙasashen Karibiyan. A Janairun 2024 ita ma ta je Ostireliya da sababbi bakwai, Jason Holder da Kyle Mayers sun zaɓi gasannin kamfanoni, amma Shamar Joseph ya fitar da mutum bakwai a Brisbane da rauni a yatsan ƙafarsa, suka ci da ratar gudu 8, nasararsu ta farko a Ostireliya tun 1997. Wasu sun ɗauki wannan hujjar cewa sababbin jini suna iya raya wasan. Hujjar tana da rauni, domin bajintar mutum ɗaya a yini ɗaya ba ta gyara jadawalin da ya hana ƙasa fitar da mafi kyawun 'ya'yanta.

Bayan rangadin

Wasannin biyu suna cikin gasar Test ta duniya ta 2023 zuwa 2025, inda nasara take da maki 12, kunnen doki na rashin kammalawa maki 4, ana kuma jera ƙasashe bisa kason makin da suka samu cikin wanda za su iya samu. An ɗauka Afirka ta Kudu ta zubar da damarta. Da gwanayen suka dawo sai ta doke West Indies, Bangaladash, Siri Lanka da Pakistan a jere, ta ƙare a saman tebur da nasara 8 a wasa 12. A Yunin 2025 ta doke Ostireliya a wasan ƙarshe a filin Lord's na Landan, Markram ya yi gudu 136, Rabada ya fitar da mutum tara, kyaftin Temba Bavuma ya ɗaga kofin, na farko na ICC da manyan mazan ƙasar suka ci tun 1998.

Nasarar ba ta kashe muhawarar ba, ta dai juya mata fuska. Masu suka a Ingila, ciki har da tsohon kyaftin ɗinta Michael Vaughan, sun ce Afirka ta Kudu ta kai wasan ƙarshe ba ta kara da Ingila ko Ostireliya ba, da wasa 12 kacal alhali Ingila ta buga 22. Amsar 'yan Afirka ta Kudu ita ce ba su suka rubuta jadawalin ba, kuma ƙarancin wasan shi ne ainihin kukansu.

Daga cikin gyare-gyaren da aka tattauna akwai asusun tallafa wa Test da hukumar Ostireliya ta gabatar a 2024, da shawarar raba ƙasashen Test gida biyu, wadda Clive Lloyd na West Indies ya yi fatali da ita saboda za ta ƙara nisanta ƙananan ƙasashe daga wasannin da suke kawo kuɗi. Mataki guda da aka gani a aikace shi ne na hukumar Ingila, wadda ta biya Zimbabuwe kuɗin zuwa lokacin da ta buga Test na kwana huɗu a Nottingham a Mayun 2025.