Kamfas ɗin da ya daskare a cikin dutse

A makarantar da nake koyarwa, a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu, na ce wa 'yan aji dutse, har da na tsohon tudun murjani, yana riƙe da labarin inda arewa take tun shekaru miliyoyi. Suka kwashe da dariya, amma da aka tashi sai suka biyo ni gindin darbejiya.

Malam, dutse kuma da tunawa?

Kun ga kamfas ɗin da ake duba alƙibla da shi? A cikin lakar ƙasan teku akwai ƙwayoyin ƙarfe masu maganaɗisu, sun fi ƙura ƙanƙanta. Kowace kan juya ta fuskanci arewar zamaninta. Da lakar ta sandare ta zama dutse, shi ke nan, allura ta tsaya cak.

Me ya kawo murjani ciki?

Tudun murjani, wato tarin gidajen wasu ƙananan halittun ruwa, yana ginuwa ne hawa-hawa a teku mai ɗumi, ya zama dutsen farar ƙasa, kuma ɓawon halittun da ke ciki yana nuna shekarunsa. Na yankin Canning a yammacin Ostareliya sun haura shekara miliyan 360. Sai dai maganaɗisunsu ba ƙarfi. Akan huda dutsen a ciro ɗan guntu kamar babban batirin tocila, a zana kibiyar da ke nuna inda ya fuskanta a jikinsa kafin a ɓalle shi. In aka manta kibiyar, aikin banza aka yi.

To, yaya ake gane wurin da dutsen yake a da?

Daga karkatar allurar. A tsakiyar duniya kwance take, kamar yadda take kusan kwance a nan Jigawa. A can ƙuryar arewa kuwa tsaye take ƙyam. Karkatar na faɗin nisan dutsen daga arewa, amma gabas ko yamma, bakinta alaikum.

Ashe arewa ƙaura take yi?

Nan ne daɗin zancen. A shekarun 1950, masana kimiyya Keith Runcorn da Ted Irving da abokan aikinsu sun ga duwatsun Turai na nuna arewa ta bi hanya ɗaya, na sauran nahiyoyi na nuna wata dabam. Arewa ba ta zama biyu. Ashe nahiyoyin ne ke tafiya.

Dutse ba ya ƙarya?

Yana yi. Zafi ko ruwan da ya ratsa shi daga baya kan rubuta sabon maganaɗisu a kan tsohon. Shi ya sa ake gasa guntun kaɗan-kaɗan, har wajen digiri 580 a ma'aunin Celsius, ana aunawa, sai na asali ya fito.

Wani yaro ya ce ko za mu gwada da dutsen bayan makaranta. Na ce wannan ba a teku aka haife shi ba, sai dai mu je Kalambaina ta Sakkwato, inda ake yin siminti da dutsen farar ƙasa.