Tagar filasma: yadda aka nemi fitar da waldar elektron daga cikin akwati

Tun 1958, da Karl-Heinz Steigerwald ya haɗa injin waldar elektron mai aiki a Jamus, sana'ar ke fama da matsala guda. Ana harba elektron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, a matsayin siririn zare da ƙarfin kilovolt 60 zuwa 150, su huda ƙarfe da zurfi ba tare da ya lanƙwashe ba, amma sai an zuƙe iska daga akwatin aikin, domin ƙwayoyin iska na tarwatsa zaren elektron. Girman akwati shi ne iyakar girman abin da za a haɗa, kuma duk sauyin kaya sai an sake jiran famfon da ke zuƙe iskar.

Dabarar farko ta fito da zaren waje ba tare da iska ta shiga ba ita ce jera ƙananan ɗakuna masu 'yan ramuka tsakanin bindigar elektron da waje, kowanne da famfonsa. Tana aiki, sai dai famfunan manya ne, ga cin wuta. A toshe ramin da siririn fallen ƙarfe kuwa, zafin zaren zai narkar da shi.

A 1995 Ady Hershcovitch na cibiyar binciken Brookhaven a Amurka ya fito da tagar filasma. Faifan jan ƙarfe ne aka jera, da abin hana wucewar lantarki tsakaninsu, ruwa na zagayawa yana sanyaya su, da rami mai faɗin milimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Ana tura iskar argon ko hiliyom, a kunna tartsatsin lantarki daga tsinken tangstin, sai gas ɗin ya zama filasma, wato gas mai tsananin zafi da lantarki ke iya bi ta cikinsa, mai zafin kusan digiri 12,000 a ma'aunin kelbin. A wannan zafi, ƙwayoyin da ke ramin ba su wuce kashi ɗaya cikin 40 na iskar ɗaki mai matsi iri ɗaya ba, kuma gas, saɓanin ruwa, kauri yake ƙarawa idan ya yi zafi. Saboda haka iskar waje da ƙyar take kutsawa, elektron kuwa su wuce. Har da gyara: lantarkin da ke bin ramin yana haifar da maganaɗisun da ke matse zaren ya ƙara siranta.

Daga baya an gwada walda a sarari da ita tare da kamfanin Acceleron na jihar Connecticut.

Amma kada a ɗauka famfo ya tashi daga aiki. Tagar rage yoyo take yi, ba hana shi ba. Idan ruwan sanyaya ya yanke, faifan su ƙone, tsinken tangstin ma yana cinyewa, kuma ƙara faɗin rami ƙara kuɗin wuta ne. Babban cikas yana gaban tagar: da zaren ya fito iska sai ya fara bajewa, dole ƙarfen ya zauna 'yan santimita kaɗan daga bakinta. Narkakken ƙarfe na buƙatar gas mai kare shi daga iskar oksijin, ma'aikata kuma na buƙatar shingen darma saboda hasken eksire, wanda a da bangon akwatin ke tarewa.