Mayar da ƙaramar kwamfuta akwatin kallon gida: tambayoyi da amsoshi

Manhajar kallon gida irin su Kodi, me take yi takamaimai?

Tana tattara fina-finai, shirye-shirye masu dogon zango, waƙoƙi da hotunan da kake da su, ta jera su a allon talabijin da manyan rubutu, yadda za ka zaɓi abin da kake so daga kan kujera da rimot kawai. Tana tuna inda ka tsaya a fim, tana kuma sa alama a kan abin da ka gama kallo. Wadda ta fi shahara ita ce Kodi. An fara yin ta ne don na'urar wasan Xbox ta farko da sunan XBMC, sai a 2014 aka sauya mata suna. Kyauta ce, kuma masu aikin sa-kai ne ke raya ta.

Amma ka sani tun yanzu, fanko take zuwa. Babu fim ko ɗaya a cikinta, kai ne za ka nuna mata inda ka ajiye naka.

Wace irin kwamfuta ce za ta iya ɗaukar aikin?

Yawancin mutane Raspberry Pi suke ɗauka, wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ba ta cin wuta sosai, kuma za ta ɓuya a bayan talabijin. Samfurin Pi 4, da ya fito a 2019, yana da sashe na musamman mai buɗe bidiyon H.265 (wani salon matse fayil ɗin bidiyo) har zuwa 4K, amma a tsohon salon H.264 iyakarsa 1080p. Pi 5 na 2023 ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai an cire masa sashen buɗe H.264, saboda haka ƙwaƙwalwar na'urar ce ke yin wannan aikin da kanta, kuma tana iyawa a 1080p. Pi 3 zai yi maka fina-finan H.264, amma da ka ba shi H.265 mai nauyi sai ya fara haki.

RAM mai 2GB ta isa idan kallo kawai za a yi. In kuma akwai tsohuwar kwamfutar Intel da ke ajiye tana shan ƙura, ita ma za ta yi, ba sai ka sayi sabuwa ba.

LibreELEC, OSMC, ko in ɗora Kodi a kan tsarin da nake da shi?

In dai na'urar ba ta da wani aiki sai kallo, LibreELEC nake ba da shawara. Tsari ne ɗan ƙarami da ya ɓalle daga OpenELEC a 2016, an rage masa duk abin da Kodi ba ta buƙata. Kana kunnawa, kai tsaye cikin Kodi za ka faɗa. Ainihin fayilolin tsarin a kulle suke, don haka da wuya ka ɓata shi da kuskure. OSMC kuwa a kan Debian, wani nau'in tsarin Linux, aka gina shi, ya dace da wanda yake son ƙara wasu manhajojin Linux a gefe. Ɗora Kodi a kan Raspberry Pi OS ma yana yiwuwa, sai dai gyare-gyaren da za ka yi da hannu sun fi yawa, kuma ban ga ribar ba ga mai farawa.

To yaya ake ɗora LibreELEC?

Wannan ne mafi sauƙi a duk lamarin. Ka sauke manhajar Raspberry Pi Imager a wata kwamfutar, ka saka katin memori na microSD, ka zaɓi samfurin na'urarka, ka nemi LibreELEC a rukunin Media player OS, sannan ka zaɓi katin. Duba da kyau kafin ka danna, domin duk abin da ke kan ma'ajiyar da ka zaɓa gogewa zai yi. Idan ya gama, ka mayar da katin cikin Pi, ka haɗa wayar HDMI, wuta ita ce ta ƙarshe.

A kunnawar farko za ta faɗaɗa kanta ta cike katin, ta sake tashi. Kada ka firgita ka zare waya. Daga nan za ta tambaye ka suna, intanet, da ko kana son SSH da Samba. Samba ka bar shi a kunne, shi zai ba ka damar jefa fayiloli daga wata kwamfutar gidan. SSH kuwa, wato hanyar ba na'urar umarni daga wata kwamfuta, in ka kunna, ka sauya kalmar sirrin nan take, domin ta asali kowa ya san ta.

Na haɗa komai amma tana ta sake tashi da kanta, wani lokaci ma'ajiyar fina-finan ta ɓace. Manhajar ce ta lalace?

Kusan kullum ba ita ba ce, caja ce. Mutane kan ɗauko cajar waya da ke kusa, su ga na'urar ta kunna, su ɗauka shi ke nan. Kunnawa daban, riƙe wuta lokacin da aiki ya yi nauyi daban. Pi 4 yana son bolt 5 da amfiya 3 ta bakin USB-C. Cajar da aka yi wa Pi 5 mai wat 27 ce, tana ba da amfiya 5, kuma idan na'urar ba ta samu irin wannan ba sai ta rage wutar da take bai wa bakunan USB zuwa miliamfiya 600. Faifan ajiya na waje mai juyawa ba zai ƙoshi da wannan ba.

Ka kasa kunne kusa da faifan. In ka ji yana ƙas, ƙas, yana fara juyawa yana tsayawa, wuta ce ba ta ishe shi ba. A Pi 4 kuma ka lura da jar fitilar da ke gefe: ya kamata ta tsaya cak a kunne, idan tana ƙiftawa ko ta mutu alhali na'urar na aiki, ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da yadda ake so. Siririyar waya mai tsawo ita ma tana jawo haka ko da kan cajar mai kyau ne. Maganin shi ne caja ta gaskiya, da faifai mai wutarsa daban ko mahaɗar USB mai tata cajar.

Katin memori shi ne na biyu a jerin masu laifi. Kati na bogi, ko kuma al'adar zare waya ba tare da an kashe na'urar daga cikin Kodi ba, su ne ke lalata fayiloli har wata rana ta ƙi tashi. Kada kuma ka tara fina-finai a kan katin, ka bar shi ga tsarin kaɗai.

Sai na sayi rimot na daban?

Gwada na talabijin ɗinka tukuna. Akwai wata hanya da ake kira HDMI-CEC da ke aika umarnin rimot ta cikin wayar HDMI. Kowane kamfani da sunan da ya laƙaba mata: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony. Ka kunna ta a saitin talabijin, ka kuma yi amfani da bakin HDMI0, wato na kusa da bakin caja. In hakan ya ƙi, akwai manhajojin rimot Kore da Yatse a wayar Android, bayan ka ba da izinin sarrafawa ta HTTP a sashen Services.

Me ya sa wasu fina-finan ba sa fitowa a jerin, wasu kuma suna fitowa da hoton wani fim daban?

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan mutane suka fi gajiya. Kodi ba ta kallon fim ta gane shi. Sunan fayil take karantawa, ta je rumbun bayanai irin su TMDB ta nemo wanda ya yi kama, ta ɗauko hoto da taƙaitaccen labari. Idan fayil ɗinka sunansa VID_0047 ko "sabo na biyu", ba ta da abin kamawa. Idan kuma fina-finai uku suna da suna ɗaya ba ka sa shekara ba, canka za ta yi.

Tsarin da ke aiki shi ne kowane fim da foldarsa, suna da shekara a baka, kamar Sunan Fim (2019). Shirye-shirye masu dogon zango kuma folda ɗaya ga shirin, kowane kashi da lambar zango da ta kashi, misali S01E02 na nufin zango na ɗaya, kashi na biyu. Kada ka cakuɗa fina-finai da shirye-shirye a babbar folda ɗaya, domin lokacin ƙara ma'ajiya Kodi za ta tambaye ka wane iri ne a ciki, amsa ɗaya kuma take karɓa. Bidiyoyin da ka ɗauka da wayarka ka ware musu wuri, ka ce mata kada ta nema musu bayani. Fayil ɗin rubutun fassara mai ƙarewa da srt ka ba shi suna iri ɗaya da na fim ɗin, ka ajiye su tare, da kanta za ta ɗauko.

Fim ɗin da babu shi a TMDB ba zai shiga jerin ba ko da sunansa daidai ne. Za ka same shi a sashen Files, ko ka rubuta masa ɗan fayil na nfo mai ɗauke da bayanansa.

Game da faifan kansa, ka guji FAT32, domin ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB. exFAT ko NTFS za su yi aiki a Pi da Windows duka.

Hoton yana ɗan karkarwa, musamman idan kyamara na tafiya a hankali.

Yawancin fina-finai hoto 24 ne a daƙiƙa, talabijin kuma tana sabunta allo sau 50 ko 60, lissafin bai faɗa daidai ba. Ka kunna Adjust display refresh rate a sashen Player, in ba ka gan shi ba ka ɗaga matakin saitin zuwa Expert. Idan kuwa tsayawa yake yi cak yana lodi, sau da yawa Wi-Fi ne, ka ja wayar intanet daga rauta. Zafi ma na sa Pi ta rage gudu da kanta idan ta kai wajen digiri 80, don haka kada a rufe ta a durowa, Pi 5 kuma a sa mata fanka.

Ƙarin manhajojin da ake cewa suna kawo kowane fim kyauta fa?

Ba daga masu Kodi suke ba, su ma nesanta kansu suke yi da su. Satar fasaha ce, sannan kana bai wa wanda ba ka sani ba damar gudanar da abin da ya ga dama a na'urar da ke haɗe da duk wayoyi da kwamfutocin gidanka. Yau suna aiki, gobe sun mutu. Rumbun Kodi na hukuma yana da na rediyo, yanayi da rubutun fassara. Wanda kuma Netflix ne babban abin kallonsa, gara ya bar wa manhajar talabijin wannan aikin, domin Kodi ba ta da tata a hukumance.

Ina Jellyfin da Plex suka shigo?

Kodi mai kunnawa ce, tana zaune jikin talabijin ɗaya. Jellyfin da Plex kuwa masu rabawa ne: suna zaune a kwamfuta ɗaya, suna aika fim zuwa wayoyi da talabijin na ɗakuna daban-daban, kowa da inda ya tsaya. Jellyfin, da ya fito daga Emby a 2018, kyauta ne gaba ɗaya, Plex kuma yana da abubuwan da sai an biya. Inda Pi ke gazawa a aikin rabawa shi ne idan wayar da ke karɓa ba ta gane nau'in fayil ɗin ba, ya zama dole a sauya shi nan take ana cikin kallo. Wannan aiki ne mai nauyi, ƙaramar kwamfutar Intel ta fi dacewa da shi. Talabijin ɗaya ce a gidan? Kodi ta wadatar.

Idan katin ya mutu, sai na sake komai daga farko?

A'a, in ka yi tanadi. A saitin LibreELEC akwai wurin yin kwafin ajiya, wanda ke haɗa saitunanka da jerin fina-finai da tarihin kallo a fayil ɗaya. Ka yi shi da zarar komai ya daidaita, da kuma kafin duk wani babban sabuntawa, ka kwafe fayil ɗin zuwa filash ko wata kwamfutar. Ranar da katin ya ƙi tashi, sai ka ɗora LibreELEC a sabo, ka nuna masa fayil ɗin ya maido da komai.