Waiwaye: sukuwar doki a cikin ƙirjin maijego

Wanda ya taɓa tsayawa a filin Kangiwa ranar hawan salla ya san karin kofaton doki idan an sakar masa linzami, uku-uku yake faɗuwa. Irin wannan karin likita ke fargabar ji idan ya ɗora abin awon ƙirji a kan mara lafiya. Lafiyayyar zuciya sauti biyu take yi, na rufewar ƙofofinta, na farko da na biyu. Idan na uku ya kutso, sai bugun ya koma kamar sukuwa.

Abin awon kansa ya haura shekara ɗari biyu. A 1816 wani likitan Faransa, Rene Laennec, ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin wata mata a birnin Paris, ya ji bugun zuciyarta fiye da yadda kunne zalla ke ji. Daga baya ya sassaƙa na katako. Sunan sukuwa ma daga can ya fito, kuma wani likitan Faransa mai suna Potain ne ya yi wa sautin cikakken bayani wajen 1875. A 1971 masu binciken cututtukan zuciya na garin Framingham a Amurka suka sanya sauti na uku cikin manyan alamomin gazawar zuciya.

Sauti na uku yana fitowa ne jim kaɗan bayan na biyu, lokacin da jini ke kwararowa cikin ɗakin zuciya na ƙasa. Idan ɗakin ya saki ya buɗe, ga shi bai gama fitar da jinin baya ba, sabon jinin sai ya tsaya cak, bangon ya girgiza. Akwai kuma na huɗu, mai zuwa gab da na farko, wanda aka fi ji ga wanda hawan jini ya daɗe yana cinsa har naman zuciyarsa ya yi tauri. Yara da matasa da masu juna biyu kan yi na uku ba tare da wata cuta ba, shi ya sa ba a yanke hukunci da shi kaɗai.

Inda maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne ɗakin jego. A 1978 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka wallafa bincikensu kan mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa. Sun zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, cewa gishiri da zafi na tara wa jiki ruwa. An daɗe ana karantar da haka. Sai a 2020 binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya nuna cewa rama da rashin karatu da rashin sana'a da hawan jinin ciki sun fi alaƙa da cutar, kuma mafi yawan matan daga Arewa maso Yamma suke. Ni dai wannan ya fi ci mini rai, don talauci ya fi kanwa wuyar rabuwa.

Yanzu hoton zuciya ne ke tabbatar da cutar, kuma a 2024 wani gwaji a asibitoci shida na Najeriya ya nuna abin awo mai ƙwaƙwalwar kwamfuta ya ninka yawan matan da ake ganowa. Amma maijegon da aka ɗauko a babur daga wani ƙauyen Daura ko Mani, ƙafa a kumbure, tana haki, ba ta iya barci sai a zaune, kunnen ma'aikacin ƙaramin asibiti za ta fara tararwa. Sautin kuwa mai kauri ne, ƙasa-ƙasa, hayaniyar layi ma tana iya danne shi. Sai an kwantar da ita ta gefen hagu, an ɗora ɓangaren mai kama da ƙoƙo a hankali ƙasan nonon hagu, an yi shiru, an saurara. Idan an ji shi tare da haki da kumburi, ba ranar cewa "Hajiya, kumburin jego ne, zai saɓe" ba ce. Ranar rubuta mata takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ce, a yi mata hoton zuciya.